Yadda ake auna zafin naman ƙafar ɗan wasa ta hanyar tsalle

A ce 'yan wasa biyu sun tsaya gindin bango, kowannensu ya daka tsalle ya tashi santimita 50. Ɗaya nauyinsa kilo 60, ɗayan kilo 80. A takardar koci lamba ɗaya za a rubuta musu, alhali na biyun ya cilla ƙarin kilo 20 zuwa wannan tsayin. A ƙara na uku, shi ma santimita 50, amma sai da ya tsuguna ƙasa sosai, ya ci kusan sakan guda kafin ƙafarsa ta rabu da ƙasa. Mutum uku ke nan masu lamba ɗaya, jiki iri uku, kuma a fili aiki iri uku za su yi. Duk rikicin auna tsalle daga nan ya samo asali.

Ƙarfi daban, zafin nama daban. Ƙarfi shi ne yawan turin da tsoka ke iya yi, ko da za ta ɗauki lokaci kafin ta kai maƙura, kuma da niyuton ake auna shi. Zafin nama kuwa ƙarfin ne a ninka shi da saurin da aka fitar da shi, ana lissafa shi da wat, wat ɗin nan da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Tsoka tana bukatar kusan sakan 0.3 ko fiye kafin ta tara iyakar ƙarfinta, wasanni da yawa kuwa ba sa ba ta rabin wannan lokacin.

Abin da ya sa tsalle ya dace da awo shi ne, da zarar yatsun ƙafa sun bar ƙasa, magana ta ƙare. Naɗe ƙafa ko wutsil-wutsil a sama ba ya ƙara wa cibiyar nauyin jiki ko santimita ɗaya. Saurin da jiki ya bar ƙasa da shi ne kaɗai ke yanke tsayin. Wanda ya tashi da gudun mita 2.5 a sakan zai hau santimita 32, mai mita 3 a sakan ya hau 46, mai 3.5 ya kai 62. Shi kuma wannan saurin daga abu biyu yake fitowa: ƙarfin da aka tura ƙasa da shi, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana turawa. Mutum mai kilo 80, nauyinsa kaɗai yana danna ƙasa da niyuton 785. Don ya tashi da gudun mita 3 a sakan, idan yana da sakan 0.30 na turi, sai ya danna da kusan niyuton 1,600, wato ninki biyu na nauyinsa. Idan sakan 0.15 kawai yake da shi, sai ya kai kusan 2,400, ninki uku. Tsayin ɗaya ne, amma na biyun ne ake nema a yawancin filayen wasa.

Alli da bango

Hanya mafi tsufa da har yau ake amfani da ita ita ce ta Dudley Sargent na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya wallafa ta a 1921. Ɗan wasa zai shafa alli a yatsunsa, ya tsaya bango na gefensa, duga-dugansa a ƙasa, ya miƙa hannu iya miƙuwa ya taɓa bangon. Sai ya ɗan matsa kaɗan, ya yi tsalle ya sake taɓawa a ƙololuwar tashinsa. Tazarar da ke tsakanin tabon biyu ita ce lambarsa. Ana yin sau uku a ɗauki mafi girma.

Araha gare ta, amma ƙofofin kuskurenta uku ne, kuma duk suna da girma. Ta farko miƙa hannun farko: ɗan wasan da ya san dawan garin zai ƙi sakin kafaɗarsa yana tsaye, sai a sama ya sake ta, ya ci santimita 4 ko 5 a banza. Maganinsa mai awo ya kama gwiwar hannun ya ja sama da kansa, ko a auna da hannu biyu a haɗe. Ta biyu, tabon farko ana yin sa ne dunduniya a ƙasa, tashi kuwa a kan yatsu ake yi, don haka lambar ta haɗa da ɗagawar dunduniya, kusan santimita 10, wadda ba tashi a iska ba ce. Ta uku ita ce dacewa da lokaci: wanda bai saba ba yakan mari bango yana kan hawa ko ya fara saukowa, ga kuma tsoron karo da bangon da ke sa mutum ya karkace.

Don a kawar da bangon aka ƙera Vertec, sanda mai jerin fikafikan roba da ke juyawa idan an taɓa su, tsakanin kowane biyu rabin inci, wato santimita 1.27. Irinta ake amfani da ita a gwajin sababbin 'yan ƙwallon ƙafar Amurka da ake yi a Indianapolis, inda Gerald Sensabaugh ya kai inci 46 a 2005, kusan santimita 117. A gwajin sababbin 'yan ƙwallon kwando na NBA, babbar gasar Amurka, Keon Johnson ya kai inci 48 a 2021, kusan santimita 122, amma shi da ɗan gudu ya taho. Waɗannan lambobi ne ke rikita matasa. Yaro zai hau na'ura a ɗakin gwaji, hannu a ƙugu, a ce masa santimita 45, ya ga kamar shi ba komai ba ne. Ma'aunan ne suka bambanta: a wancan akwai wurga hannu, akwai dunduniya, akwai kafaɗa, wani lokaci har da gudu.

Akwai kuma dabarar Abalakov ta Tarayyar Sobiyet, inda ake ɗaura tef ɗin awo a ƙugu, a zura shi ta wani maƙali da ke ƙasa tsakanin ƙafafu, tsallen ya ja shi. Ta raba mutum da matsalar kafaɗa, sai dai idan ya sauka gaba ko baya da inda ya tashi, tef ɗin zai ƙara tsawo.

Lokacin da aka yi a iska

Hanya ta biyu ba ta auna tsayi kai-tsaye. Lokaci take aunawa, daga barin ƙasa zuwa dawowa, sannan a yi lissafi: a ninka lokacin da kansa, a ninka da 9.81, wanda shi ne jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, a raba da 8. Sakan 0.50 a iska santimita 31 ne. Sakan 0.60 santimita 44. Sakan 0.70 santimita 60. Carmelo Bosco, masanin aikin jiki ɗan Italiya, shi ya yaɗa wannan hanya da tabarmar lantarki mai kunna agogo idan ƙafa ta tashi, ta kashe idan ta sauka. A 1983 shi da abokan aikinsa Luhtanen da Komi suka fitar da gwajin tsalle a jere, na sakan 15 zuwa 60, wanda ke nuna yadda zafin nama ke raguwa idan gajiya ta shigo. Yanzu akwai masu amfani da hasken da ƙafa ke katsewa maimakon tabarma, lissafin dai ɗaya ne.

Sharaɗi guda lissafin ya ginu a kai, shi ne mutum ya sauka yadda ya tashi: gwiwa a miƙe, idon sawu a miƙe, yatsu su fara taɓa ƙasa, sai bayan nan ya lanƙwasa don ya sha nauyin. Wanda ya naɗe gwiwa a sama ya jinkirta sauka, ya ƙara wa agogo lokacin da ba nasa ba. Ƙarin sakan 0.05 kacal, daga 0.55 zuwa 0.60, yana mayar da santimita 37 ya zama 44. Santimita 7 ke nan, abin da gogaggen ɗan wasa zai iya shafe shekara yana nema a ɗakin motsa jiki bai samu ba. Shi ya sa idon mai awo ya kamata ya kasance a kan ƙafafu lokacin sauka, ba a kan allon na'ura ba, kuma duk tsallen da aka naɗe ƙafa a soke shi nan take.

Wayar hannu ma tana wannan aiki. Manhajar My Jump, ta Carlos Balsalobre-Fernández ɗan Sifaniya, wadda aka wallafa gwajin ingancinta a 2015, bidiyo take ɗauka, mutum ya zaɓi hoton da ƙafa ta bar ƙasa da wanda ta dawo. Komai ya rataya ne a kan yawan hotunan da kyamarar ke ɗauka a sakan. A hoto 240 a sakan, kuskuren hoto ɗaya bai wuce santimita 0.6 ba ga tsallen santimita 44. A hoto 30 a sakan, wanda shi ne bidiyon yau da kullum, kuskuren hoto ɗaya ya kusa santimita 5, lambar ba ta da amfani. A ajiye wayar ƙasa-ƙasa daidai da ƙafafu, a gaban mai tsallen, a wuri mai haske, kuma mutum ɗaya ya riƙa zaɓen hotunan kullum.

Farantin auna ƙarfi

Wannan shi ne alƙalin sauran. Faranti ne na ƙarfe mai na'urori a kusurwoyinsa, yana karanta ƙarfin da ƙafa ke danna shi da shi, galibi sau 1,000 a sakan. Daga nan kwamfuta ke cire nauyin mutum, ta tara ragowar ƙarfin a tsawon lokacin turi, ta raba da kilo ɗinsa, ta fitar da saurin tashi. Yadda aka sauka bai shafi wannan lissafi ba. Bayan tsayi kuma yana nuna zurfin tsugunawa, lokacin da aka ɓata kafin tashi, ƙarfin taka burki a ƙasa, da rabon aikin tsakanin ƙafar dama da ta hagu idan faranti biyu ne.

Sai dai shi ma yana da lagonsa, kuma mutane da yawa da suka sayi farantin mai tsada a nan suke faɗuwa. Kafin tsalle dole ɗan wasa ya tsaya cik na aƙalla sakan guda don a ɗauki nauyinsa. Idan yana motsi, ko yana magana, ko an manta ba a mayar da farantin sifili ba kafin ya hau, nauyin zai kauce. Kaucewar niyuton 8 kawai, ƙasa da kilo ɗaya, idan ta taru tsawon sakan guda a jikin mai kilo 80, tana sauya saurin tashi da mita 0.1 a sakan, wanda ya kai kusan santimita 3 a tsayi. Farantin da aka ɗora a kan kafet ko daɓe marar daidaito ma haka yake ɓata lamba.

Wane irin tsalle?

Na'ura rabin magana ce. Ragowar rabin shi ne irin tsallen da aka sa mutum ya yi, domin kowanne akwai abin da yake tambayar ƙafa.

Tsallen tsugune shi ne mafi tsabta. Hannu a ƙugu, a sauka har gwiwa ta yi kusurwar digiri 90, a daskare a nan sakan 2 zuwa 3, sannan a tashi sama kai-tsaye. Yana auna turin cinya da ɗuwawu da sha-raɓa zalla, ba tare da taimakon komai ba. Wahalarsa ita ce kusan kowa sai ya ɗan sake nitsawa ƙasa kafin ya tashi, ko da santimita biyu ne, sau da yawa bai ma san ya yi ba. Ido ba ya cika kama wannan, faranti kuwa yana nuna shi a fili, domin layin ƙarfi zai faɗi ƙasa da nauyin jiki kafin ya hau. Duk wanda aka ga haka a cikinsa ba tsallen tsugune ba ne.

Tsallen sauka-tashi shi ne wanda jiki ya saba da shi: daga tsaye a nitsa ƙasa da sauri, a juyo sama ba tsayawa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, nitsawar nan ce ke ba tsoka damar tara ƙarfi tun kafin a fara hawa, jijiyoyi kuma su miƙe su dawo da wani abu daga cikin abin da suka adana. Yakan fi tsallen tsugune da santimita 2 zuwa 4. An daɗe ana ɗaukar tazara mai faɗi tsakanin biyun a matsayin abin yabo, amma fassarar tana bukatar hattara. Tazarar kan yi faɗi ne wani lokaci don mutum ba ya iya kunna tsokarsa da sauri daga tsaye cik, wato tsallen tsugunensa ne ya yi rauni, ba ɗayan ne ya yi kyau ba.

Idan aka saki hannu, tsayi kan ƙaru da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Hannu a ƙugu ƙafa kaɗai ake tambaya, hannu a sake kuwa ana tambayar iya haɗa jiki duka. Kowanne da amfaninsa, sai dai ba a zuba su a shafi ɗaya.

Sai tsallen dirowa, wanda a ganina shi ne aka fi yin sakaci da shi alhali shi ya fi kusa da abin da ke faruwa a fili. Ɗan wasa zai hau akwati mai tsayin santimita 30, ya miƙo ƙafa ɗaya gaba ya saki jiki, ya dira da ƙafa biyu, ya tashi nan take kamar ya taka garwashi. Abu biyu ake ɗauka: tsayin tashin da lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa. A raba na farko da na biyu, a sami ma'aunin mayar da martani, wanda masana ke taƙaitawa da RSI, kuma a cibiyar wasanni ta Ostareliya aka fara amfani da shi. Wanda ya tashi mita 0.36 bayan sakan 0.18 a ƙasa yana da 2.0. Wanda ya tashi mita 0.42 amma ya ɓata sakan 0.30 yana da 1.4, duk da ya fi tsayi. Masanin Jamus Schmidtbleicher ya sa iyaka a sakan 0.25: abin da ya gaza haka aikin agara ne da taurin idon sawu, jijiyar tana aiki kamar danƙo, abin da ya haura kuwa ya koma aikin cinya irin na tsallen sauka-tashi.

Kurakuransa sanannu ne. Wani zai yi tsalle daga kan akwatin maimakon ya saki jiki, ya ƙara tsayin faɗuwar. Wani zai lanƙwasa ƙafar da ke kan akwatin ya sauko a hankali, ya rage shi. Kalmar da koci ya furta ma tana sauya sakamako: wanda aka ce wa ya tashi sama iya ƙarfinsa zai daɗe a ƙasa, wanda aka ce wa ya bar ƙasa da sauri zai rage tsayi, don haka jimla ɗaya za a riƙa faɗa wa kowa a kowane gwaji. Ana gwada akwatin santimita 20, 30, 40, a ga inda lambar ta fi girma. Da zarar dunduniya ta fara bugun ƙasa da ƙara, akwatin ya fi ƙarfin mai shi, a sauko da shi. Yara da waɗanda ba su gina ƙarfin ƙafa ba, ya fi a ba su ƙananan tsalle goma a jere a wuri ɗaya, a ɗauki matsakaicin biyar mafi kyau.

Daga santimita zuwa wat

Wanda ba shi da faranti zai iya ƙiyasta zafin nama da lissafin da Sayers da abokan aikinsa suka fitar a 1999: a ninka tsayin tsalle na santimita da 60.7, a ninka nauyin jiki na kilo da 45.3, a haɗa, a cire 2,055. Mu koma ga mutanenmu na farko. Mai kilo 60 da santimita 50 zai sami wat 3,698. Mai kilo 80 zai sami 4,604. Ƙaton da ke da kilo 110, ya tashi santimita 40 kawai, zai sami 5,356, ya wuce su duka. Idan aka raba da nauyi sai jerin ya juye: ƙaramin yana da kusan wat 62 a kowane kilo, na tsakiya 58, ƙaton 49. Wacce lamba za a duba, wasan ne ke faɗa. Wanda aikinsa ture mutum ne, jimlar wat ɗinsa ake so. Wanda aikinsa ɗaukar jikinsa ne ya kai shi wani wuri, wat a kowane kilo.

Ƙiyasi ne dai, an samo shi daga matsakaicin jama'a, kuma bai san tsawon ƙafar mutum ba. Wannan giɓin ne Pierre Samozino da Jean-Benoît Morin na Faransa suka toshe, suka shigar da nisan turi, wato tazarar da ƙugu ke tafiya daga tsugune zuwa miƙewar yatsu. Mutum biyu masu kilo 75, kowanne ya tashi santimita 40: mai nisan turi santimita 40 matsakaicin zafin namansa kusan wat 2,060 ne, mai santimita 30 kuwa kusan 2,400. Daga nan suka gina gwajin da ake yin tsalle da nauyi daban-daban a kafaɗa don a gane ko ƙarfi ne ya yi wa mutum ƙaranci ko sauri. Tunanin mai kyau ne, amma sakamakon yana saurin kaucewa daga rana zuwa rana idan ba a tsare zurfin tsugunawa sosai ba, don haka kada a gina horon wata uku a kan gwaji ɗaya.

Kowane wasa da lokacinsa

Hanya mafi sauƙi ta zaɓen gwaji ita ce a tambaya: a wannan wasan, sakan nawa ƙafa ke yi a ƙasa, ƙafa nawa ke turi, kuma ina aka nufa, sama ko gaba?

Ɗan tseren mita 100 idan ya kai ƙarshen gudunsa, ƙafarsa ba ta cika sakan 0.10 a ƙasa. Mai dogon tsalle yana da kusan 0.12 a kan katakon tashi. Waɗannan tsallen dirowa da tsallen gaba da ƙafa ɗaya-ɗaya ne ke faɗin gaskiyarsu. Tsallen sauka-tashi, wanda kan ci sakan 0.7 zuwa 0.9 daga fara motsi zuwa tashi, ya fi kama da tashinsu daga layin farawa. Mita 8.95 da Mike Powell ya tsallake a Tokyo a 1991 gudu ne aka juya shi ya zama tsalle. Haka ma tsallen sama. Lokacin da ake gasar tsallen sama daga tsaye a Olamfik, Ray Ewry ya tsallake mita 1.65 a Faris a 1900. Javier Sotomayor na Kuba, da gudu da salon juya baya da katifar sauka, ya tsallake 2.45 a Salamanca a 1993. Babban kaso na wannan tazara ta santimita 80 daga gudu da salo ya fito, abubuwan da gwajin tsaye ba ya gani.

A ƙwallon raga, inda ragar maza ke da mita 2.43, ta mata 2.24, inda hannu ya kai shi ne abin lura. Shi ya sa ake rubuta wa 'yan wasan tsayin dukan ƙwallo, bayan taku uku ko huɗu, da tsayin tarewa, daga tsaye da hannu biyu. Mai miƙa hannu mita 2.60 da ya tashi santimita 70 ya kai 3.30. Mai 2.40 da ya tashi 85 ya tsaya a 3.25. Na biyun ya fi ƙafa, na farkon ya fi amfani a gaban raga, kuma koci na bukatar lambobin biyu: ɗaya don zaɓen wanda zai buga, ɗaya don sanin ko horo na aiki. Da yake wasa kan kai zagaye biyar, gwajin tsalle a jere na Bosco ma ya dace da su.

Ƙwallon kwando, mai kwando a mita 3.05, ya raba 'yan wasa gida biyu: masu tashi da ƙafa ɗaya cikin gudu, da masu dasa ƙafa biyu. Gwajin ƙafa biyu kaɗai yana danne haƙƙin na farko. Mai ƙwato ƙwallo a ƙarƙashin kwando kuma tsallensa na biyu, wanda yake yi nan da nan bayan ya sauka, shi ne jarinsa, kuma ma'aunin mayar da martani ne ke nuna shi.

A ƙwallon ƙafa yawancin tsallen sa kai cikin gudu ake yin sa, sau da yawa da ƙafa ɗaya, mai tsaron gida kuma gefe yake turawa. Amma babban amfanin tsalle a wannan wasa bibiyar gajiya ne, za mu zo kansa. 'Yan zari-ruga da 'yan ƙwallon ƙafar Amurka, musamman ƙattin gaba, jimlar wat da tsallen gaba daga tsaye suka fi bayyana su. Byron Jones ya yi mita 3.73 a wannan tsalle a Indianapolis a 2015. A gwajin, daga layin tashi zuwa dunduniyar da ta fi kusa da layin ake aunawa, kuma wanda ya faɗi baya ko ya dafa ƙasa sai ya sake.

Masu ɗaga ƙarfe na Olamfik suna cikin waɗanda suka fi kowa tashi daga tsaye, duk da nauyinsu, domin fizgar ƙarfen kanta tsalle ne da kaya a hannu. Mai ninƙaya daga lanƙwashe yake tura dandamalin farawa da bangon juyawa, tsallen tsugune ya fi kama da aikinsa. 'Yan dambe da kokawa da ke fafatawa bisa rukunin nauyi, wat a kowane kilo ake duba musu, kuma kada a gwada su a ranakun da suke matse jiki don rage nauyi. Mai gudun dogon zango kuwa tsallensa gajere ne, wannan ba aibu ba ne a wurinsa, abin da za a duba masa shi ne taurin agara a ƙananan tsalle a jere.

Ranar gwaji, gajiya da rauni

Ko mutum bai canza ba, tsallensa kan yi sama da ƙasa da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 tsakanin rana da rana. Ga mai santimita 40, bambancin santimita ɗaya ko ɗaya da rabi ba labari ba ne. Don a rage wannan kaɗawa, sai a ɗaure komai: lokaci ɗaya na yini, domin jiki ya fi tashi da yamma a kan sassafe, takalmi ɗaya, daɓe ɗaya mai tauri, ɗumama jiki iri ɗaya na kamar minti 10 da ya ƙare da tsallen gwaji biyu ko uku, ba tare da dogon miƙa jijiya a tsaye ba, wanda kan rage tashi na ɗan lokaci. Tsalle uku zuwa biyar, hutun sakan 30 zuwa minti ɗaya a tsakani. A auna nauyin jiki a ranar. Idan iyakar mutum ake nema, a ɗauki mafi girma. Idan gajiya ake bibiya, matsakaici ya fi aminci. Sabon shiga kuma a bar shi ya saba da gwajin sau biyu ko uku kafin a fara rubutawa, in ba haka ba koyon salo ne za a ɗauka a matsayin ƙaruwar ƙarfi.

Bayan wasa mai zafi, ƙafa kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ta dawo daidai. Abin da ke yaudarar masu horarwa shi ne gogaggen ɗan wasa yana iya riƙe tsayinsa ko a gajiye: sai ya ƙara zurfin tsugunawa, ya ƙara lokaci. Wanda ya saba tashi santimita 40 cikin sakan 0.75, yau ya tashi 40 ɗin amma cikin 0.90, idan aka raba tsayi da lokaci lambarsa ta sauko daga 0.53 zuwa 0.44. Tabarma da Vertec ba za su ga komai ba, a fili kuwa wannan jinkirin ne ke sa abokin hamayya ya riga shi ƙwallo.

Wurin da kuskuren awo ya fi tsada shi ne dawowa daga rauni, musamman bayan tiyatar jijiyar cikin gwiwa. An saba gwada tsallen gaba da ƙafa ɗaya, a ce mai raunin ta kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar kafin a sallami ɗan wasa. Matsala biyu ke nan. Lafiyayyar ƙafar ma ta yi rauni a watannin zama. Idan mai raunin ta yi santimita 150, ɗayar 165, lissafi zai ba da kashi 91, a ce ya warke, alhali kafin raunin 185 yake yi, wato kashi 81 kawai ya dawo. Na biyu, a tsallen gaba ƙugu da idon sawu ne ke ɗaukar yawancin turin, gwiwa na iya ɓuya a bayansu, tsallen sama da ƙafa ɗaya da tsallen dirowa da ƙafa ɗaya ne ke tilasta mata fitowa fili. Saboda haka a farkon kowace kakar wasa, tun kowa na lafiya, a auna kowace ƙafa ita kaɗai, sama da gaba, a rubuta na'urar da aka yi amfani da ita, matsayin hannu, tsayin akwati da nauyin jiki na ranar, domin da waɗannan lambobin likita zai gwada ƙafar idan raunin ya zo.